Dutsen Gidan Mingo

A shekara ta uku da zuba wa rafinmu siminti, ni Dorcas, 'yar Lemuel Mingo, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da uwata ta haife ni. Na ɗaga wa mahaifina murya a kan abinci, ina da shekara arba'in da biyu, shi yana da saba'in da tara.

Kifi ne ya jawo. A garinmu Mashanet, duk watan Afrilu kifin da muke kira herin yakan baro teku ya hau ɗan rafin da ya ratsa bayan gari, ya shiga tafki ya zuba ƙwai. 'Ya'yan su sauka teku in sanyi ya kusa, bayan shekara uku ko huɗu su dawo ruwan da aka ƙyanƙyashe su. Mu mutanen Bayan Tafki da shi muka buɗe ido. Mu soya ƙwansa da safe, mu banda shi a jere a tsinke, wanda ya rage mu binne a gindin masara. Ban san wani gida a unguwarmu da bai taɓa fita daga yunwar ƙarshen sanyi ta dalilin kifin nan ba.

Sai aka yi wata guguwa ta rushe gaɓar rafin. Hukumar gari ta kawo injiniya daga birni, mutum mai fara'a da takardu cike da jaka. Ya auna, ya zana, ya sa aka zuba siminti daga bakin tafki har ƙasan gada, sumul kamar cikin kwano. Kyau kam ya yi kyau. Sai dai ruwan ya riƙa saukowa da gudu ba wurin tsayawa. Kifi ya zo ya taru a ƙasa har ruwan ya yi baƙi, ya yunƙura, ruwa ya wurgo shi, ya sake yunƙurawa, tsuntsayen teku kuwa suka samu biki. Shekara biyu ko ƙwaya ɗaya bai shiga tafki ba. Kowa a unguwa ya san lissafin: in bana ma ba su hau ba, waɗanda suka san hanya sun kusa ƙarewa, kuma babu na baya da za su gaje su.

Da can ba haka rafin yake ba. Akwai duwatsu bakwai da ake jerawa a cikinsa, hagu da dama, kowanne ya karya ƙarfin ruwa ya bar ɗan kwanciya a bayansa inda kifi zai huta kafin ya ƙara gaba. Gida bakwai, dutse bakwai. Kafin ƙanƙara ta sauka a ciro su don kada ta tafi da su, farkon Afrilu kowane gida ya shiga ruwa ya dasa nasa. In an gama maza su hau tudu su ci romon kifi da dankali da burodin masara, mata su tsaya bakin ruwa da kwanuka. Dutsen gidan Mingo shi ne na bakwai, na can sama inda gangaren ya fi tsanani, kuma Baba bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Su wane ne gidajen bakwai? Mu ne dai. Dangin uwata 'yan ƙabilar Wampanoag ne, 'yan asalin ƙasar, suna nan tun kafin jirgin Turawa na farko ya jefa anga. Kakan kakan Baba bawa ne da ya fanshi kansa ya shiga jirgin farautar manyan kifayen nan da ake tatsar mai, ya dawo ya auri 'yar ƙasa. Gidan DeGrasse daga tsibiran can kusa da Afirka suka zo a jirgi irin wannan. Aka yi ta auratayya har masu ƙidaya suka rasa yadda za su yi da mu, wannan ya zo ya rubuta mu baƙaƙe, na bayansa ya goge ya rubuta Indiyawa, sunan da suke kiran 'yan asalin ƙasar da shi. Mu dai ba mu taɓa ruɗewa ba. Mun san wanda ya haifi kowa, mun san kuma dutsen gidansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda duwatsun suka ƙare. Motar tura ƙasa ta tara su gefe, sai ga bikin cikar gari shekara ɗari uku. Aka kwashe su aka gina ɗan dandamali kusa da gada, aka manna allon tagulla a kai, aka rubuta cewa Kyaftin Obed Hatch ne ya yi wa kifi hanya a wannan rafi. Kyaftin ɗin kakan kakan Mista Winslow Hatch ne, shugaban hukumar gari. Kullum in zan tafi wurin aikina na wanki da guga a masaukin baƙi sai na wuce ta gabansa, kullum kuma sai na yi tsaki.

To, ranar wata Alhamis da magariba muna cin abinci, na ce, “Baba, yau na tsaya a gada. Sun zo. Sun fi na bara kaɗan.”

“Na ji,” ya ce, bai ɗago ba.

“Sati biyu ya rage musu, in ya yi yawa uku.”

“Na fi ki sani.”

“To me za a yi?”

Ya ajiye cokali a hankali. “Ba su tambaye ni ba, Dorcas. Shekara hamsin ina kula da rafin nan, suka kawo yaro da jaka, ko sannu bai ce mini ba. Ranar da suka tako ƙofar nan suka tambaye ni, zan faɗa musu.”

Nan ne na buga tebur. “Kifin ne zai tako ya tambaye ka? Da wace ƙafar? Su Mista Hatch naman sa suke ci, Baba, ko kifin ya hau ko ya mutu ba abin da ya dame su. Kai kana nan kana jiran a zo a ba ka girma, abin da kakanninka suka bari yana ƙarewa a bakin tsuntsaye!”

Na ji kunya tun kafin in rufe baki. Baba ya dube ni kamar bai san ni ba. Allah ya taimake ni, sai ga Inna Zerviah ta turo ƙofa da kwanon wake a hannu. Ƙanwar mahaifiyata ce, gidanta na jikin namu, kuma tun da Allah ya yi wa uwata Mercy rasuwa shekara huɗu da suka wuce ba ta taɓa fashin leƙo mu ba. Ita da Baba kuwa tun tana budurwa suke tsokanar juna, ba ranar hutu.

“Har waje nake jin ku,” ta ce. “Ke Dorcas ƙyale shi. Ba girman kai ba ne, mantuwa ce. Tsohon nan ko takalminsa sai an nuna masa, balle jerin duwatsu.”

“Ji 'yar tsohuwar nan,” in ji Baba. “Ke da kike neman tabarau yana bisa hancinki?”

“Na yarda. Amma ni ban ɓuya a bayan ‘ba a tambaye ni ba’. Faɗi gaskiya, mijin yaya, ka manta. Ba abin kunya ba ne, shekaru ne.”

Baba ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. “Ni? Ko idona a rufe zan jera su. Ki gaya wa Alonzo ya zo da sandar ƙarfe da baro jibi da safe. Ki gaya wa kowane gida ya fito. In ban jera su ba ki kira ni da sunan kare.”

Inna Zerviah ta ajiye waken, ta kanne mini ido, ta fita.

Asabar da hantsi mun fi mutum arba'in a bakin gada. Alonzo Cuffee, ɗan ƙanwar Baba, ƙato ne mai aikin jirgin kamun kifi, shi ya zo da kayan aiki da buhun weji, wato guntayen katako mai tauri da ake bugawa a tsaga don su matse abu. Ba mu ɓoye ba, ba mu yi sauri ba. Ya kwance allon tagullar da ladabi ya jingine shi a jikin bishiya, ya sa sandar ƙarfe a ƙarƙashin dutsen farko. Simintin da aka liƙe su da shi ɗan kaɗan ne, bugu biyu ya saki.

Kafin ya ɗaga sai ga motar Mista Hatch, ɗan sanda na zaune a gefensa. Ya fito yana gyara wuyan riga. Mutum ne da Baba ya girme shi da shekara ashirin, amma da sunansa gatsau yake kiransa, kamar yadda ubansa ya riƙa yi.

“Lemuel, me ke nan? Wannan kayan gari ne.”

“Barka da hantsi, Mista Hatch,” in ji Baba. “Allon naku ne, ga shi can ba mu ƙwarzane shi ba. Duwatsun namu ne, aro kuka yi. Yau muna bukatarsu.”

“Duwatsun rafi ne, kakana ya sa aka dasa su. Yana rubuce a littafin gari.”

“Wa ya rubuta littafin?” Inna Zerviah ta tambaya daga baya. Wasu suka yi dariya, na ga kunnuwan Mista Hatch sun yi ja.

“Kana da takarda?” ya ce wa Baba.

“Ba ni da ita. Amma bari mu yi haka. Kai jikan mai duwatsu ne, ko? To faɗa mini abin da ke ƙarƙashin wannan.”

“Ƙarƙashinsa? Ƙasa mana, me zai kasance?”

“Ni kuwa na ce akwai kan mashi, an sassaƙa shi da kurfi, bakinsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na gidan Cuffee ne. Zan faɗi na kowanne kafin a juya. In na kuskure ko ɗaya, mu mayar muku da abinku yadda yake, ɗan sandanka ya tafi da ni.”

Gabana ya faɗi. Shekara uku rabon Baba da ya taɓa duwatsun nan, ga siminti ya ɓata musu fuska, ni kam duk iri ɗaya nake ganinsu. Mista Hatch ya dubi ɗan sanda, ɗan sanda ya ɗaga kafaɗa. Shi ma da alama yana son ya gani.

Alonzo ya juya dutsen. Ya goge da hannun rigarsa. Kan mashi, baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

“Na kakana ne, Kawu,” ya ce, muryarsa ta canza.

Baba ya zagaya dandamalin yana shafa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba awakinsa. “Wannan mai ƙusumbi gicciye ne, na DeGrasse. Wannan kunkuru, na Webquish, gidan su wannan tsohuwar mai surutu. Wannan layi uku, Pells. Wancan tafin hannu, yatsa huɗu kawai, don mai sassaƙar ya gaji, na Amos.” Duk wanda aka juya sai mutanen gidan su matso, yara su tsuguna su sa yatsa a cikin zanen. Wata matar gidan Pells da aka auro daga wani gari ta fashe da kuka, ita da ba a ma haife ta a nan ba. Na shida tauraro ne, na gidan Simons. Na bakwai kuwa Baba bai ko dube shi ba, ya dafa shi yana kallon Mista Hatch ido cikin ido, ya ce, “Kwalekwale. Mingo.”

Aka juya, ga kwalekwale. Gani ya kori ji.

Ban taɓa jin alfahari irin na wannan lokaci ba. Na ji kamar tsawona ya ƙaru. Mista Hatch ya daɗe yana kallon duwatsun a jere a kan ciyawa, sannan ya juya ya dubi ƙasan gada inda tsuntsaye ke ta shawagi. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya, abin da aka gaya masa tun yana yaro shi ya riƙe.

“Kana ganin za su hau, Mista Mingo?” ya ce.

Kowa ya ji wannan “Mista”. Baba ya yi kamar bai ji ba. “In kun matsa mana,” ya ce.

A bakin tafki akwai inda ake zura katakai a tare ruwa. Aka zura su, rafin ya janye ya bar siminti tsirara mai santsi. Baba ya ce muna da kamar awa guda kafin ruwa ya haura katakan. Sa'armu ɗaya, injiniyan ya bi faɗin tsohon rafin ne da ya yi awonsa, don haka duwatsun suka zauna. Kowane gida ya shiga da nasa, Alonzo na bi yana buga weji tsakanin dutse da bango, katakon da in ya sha ruwa zai kumbura ya riƙe kamar haƙori. Baba na tsaye a sama da sanda yana ba da umarni.

“Pells, hagu na ce, hagunku ba nawa ba! DeGrasse, tazara taku uku. Kai Alonzo, weji kake bugawa ko kwalliya kake yi masa?”

“Kawu, in na ƙara zai tsage!”

“Ubanka ma haka yake cewa, raggo. Buga!”

Gidan Webquish ba namiji ko ɗaya da ya rage, sai Inna Zerviah ta tattare siket ta shiga da kanta, samari biyu suka ɗauko mata dutsen, ita ta nuna musu da ƙafa inda za su sauke. Da aka zo na bakwai, Baba ya miƙa mini sandarsa, ya cire takalmi. Na ce ya bari Alonzo ya yi. Ya yi mini wani kallo, na matsa gefe. Dutsen gidanmu dogo ne, gefe ɗaya da kauri, ɗayan ya tsuke kamar hanci. Baba ya sa aka kwantar da shi hancin na kallon tafki, ya daddanna da tafin ƙafa, ya karɓi guduma ya buga wejin ƙarshe da hannunsa.

Aka zare katakai. Ruwa ya sauko, ya bugi dutse, ya karye, ya bugi na gaba, ya sake karyewa. Ƙarar rafin ma ta canza, ta koma wadda na sani tun ina ƙarama. Muka jeru a gaɓa muna jiran kifi.

Ba a jima ba wani ya yi ihu daga ƙasa. Sun taso. Na ga bayansu baƙi-baƙi suna shiga bayan dutsen Cuffee, su tsaya, su karkaɗa jela, su faɗa na DeGrasse. Mutane suka riƙa binsu a gaɓa suna ƙirga duwatsu da baki ɗaya. Uku. Huɗu. Har Mista Hatch na ga leɓensa na motsi. Biyar. Shida.

A na bakwai suka tsaya. Na farko ya yunƙura, ruwa ya kwashe shi ya mayar bayan na shida. Na biyu haka. Suka yi ta taruwa a wurin har ba masaka tsinke, na baya na turo na gaba, duk wanda ya gwada sai ya dawo a kife, cikinsa fari na walƙiya. Taku biyu ne kawai tsakaninsu da tafki. Tsuntsayen da muka baro a gada suka fara tahowa.

“Sun gaji ne,” in ji Baba. “A ba su lokaci.”

Muka ba su. Minti goma, minti ashirin. Ko ɗaya. Baba ya matsa bakin gaɓa da sandarsa. Ya ce ko simintin ne ya fi tsohon gangaren tsayi, ya ce ko weji ne ya ɗaga dutsen. Alonzo ya duba ya ce komai na zaune daidai.

Sai Inna Zerviah ta tafa hannu. “To, maza, aiki ya ƙare. Ku hau tudu ku ci abinci.”

Aka juyo ana kallonta. “Wane abinci, Inna?” in ji Alonzo. “Wa ya dafa?”

“Ku hau dai, za a kawo. Al'ada ce, ba a dasa dutse maza su tsaya a bakin ruwa. Mista Hatch, kai ma bi su. Lemuel, ja su ku tafi.”

Ni kaina na ɗauka tsufa ne ya taɓa ta. Ba wanda ya ɗora tukunya a ranar, kowa ya san haka.

“Ba inda za ni,” in ji Baba. “Ko nan da gobe ne ina nan sai na ga kifi ya shiga tafkin nan.”

“Don girman Allah, mijin yaya, ka hau tudu. Minti biyar.”

Ba tsokana a muryarta, shi ya sa Baba ya juyo ya dube ta sosai. “Zerviah, me kike ɓoyewa?”

Ta dubi kifin, ta dubi tsuntsayen da suka fara sauka, ta dubi mutane arba'in da shugaban gari da ɗan sanda. Ta yi ajiyar zuciya.

“To, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Dutsenka a juye yake, Lemuel. Hancin teku yake kallo, ba tafki ba. Mai kaurin ne ke tarar ruwa.”

“Ke! Haka ubana ya koya mini, haka nake dasa shi tun ina saurayi, kuma kifi bai taɓa fasa hawa ba.”

“Bai taɓa fasawa ba, don kuna hawa tudu yayata take shiga ta juya shi.”

Baba ya ƙura mata ido.

“Ubanka ma a juye yake dasa shi,” ta ci gaba, yanzu a hankali. “Uwarka Hepsibah ke gyarawa. Ita ta koya wa Mercy shekarar da aka kawo ta gidanku, ta ce mata mazan Mingo jarumai ne, amma kada a yi musu gardama a kan dutse, a bar su su ci abincinsu. Da Mercy ta kwanta ciwon ajali ta kira ni ta ce, ‘Zerviah, ki riƙa juya masa, kada ki bari ya sani.’ Shekara ɗaya na samu na yi, sai aka zuba siminti. Na so in cika mata alkawari yau ma, ka ƙi tafiya.”

Na so ƙasa ta tsage in shige a madadin Baba. Mutumin da awa biyu da suka wuce ya sa shugaban gari ya sunkuyar da kai, ga shi an kwance masa zani a kasuwa. Mista Hatch ya samu abin kallo a takalminsa. Alonzo ya juya baya. Na matsa kusa da Baba don na ga kamar zai faɗi.

“Shekara nawa?” ya ce.

“Na Mercy arba'in da shida. Na uwarka ban ƙirga ba.”

“Su sauran matan duk sun sani?”

“Har su suke kama mata. Dutsen ba na ɗaukar mutum ɗaya ba ne.”

Baba ya dubi tsofaffin matan da ke gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Matar Amos ta rufe baki da gyale. Ta gidan Simons ta ɗaga kai sama kamar mai duba hadari. Sai na ji wani sauti daga ƙirjin Baba, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce take tasowa. Ya yi ta har ya dafa kafaɗata, hawaye na bin kumatunsa, daga nan kowa ya saki tasa.

“Kawu, in shiga in juya?” in ji Alonzo.

“Kai wa? Ashe ba aikinmu ba ne. A zura katakai! Dorcas, cire takalminki. Zerviah, nuna mata, tun da ke kika san kan abin.”

Aka sake tare ruwa, kaɗan wannan karon don kada a bar kifin a busasshe. Na shiga, sanyin ya soke ni har ƙashi. Inna Zerviah na gefena, matar Amos da ta Simons suka biyo mu ba wanda ya kira su, kowacce ta san inda za ta kama. Muka fitar da weji, muka jujjuya dutsen a kan cikinsa har hancin ya dubi teku. Inna ta kama hannuna ta ɗora a gefensa na ƙasa, na ji wani ɗan lungu da ruwa ya rarake.

“Nan suke hutawa,” ta ce. “Ki riƙe wannan, ni na kusa gajiya.”

Na buga wejin da kaina. Muka fito, aka zare katakai.

Ruwan ya bugi kaurin dutsen ya rabu biyu, bayansa ya kwanta luf. Kifin farko ya shiga lungun ya tsaya, ina ganin kunnuwansa na buɗewa suna rufewa. Ya daɗe har na fara addu'a a bayyane. Sannan ya karkaɗa sau ɗaya, ya haura, ya ɓace a cikin baƙin ruwan tafki. Na biyu ya bi shi, sai uku a tare, daga nan ƙirga ya gagara. Ihun da aka yi na tabbata an ji shi har bakin teku. Alonzo ya ɗaga Inna Zerviah sama tana dukansa a ka tana cewa ya sauke ta, mara kunya.

Baba bai yi ihu ba. Yana tsaye ba takalmi, hularsa a hannu, yana kallonsu suna wucewa ta gefen dutsen gidanmu. Na je na tsaya kusa da shi, ruwa na ɗiga daga siket ɗina. Ya dubi bakin siket ɗin ya daɗe.

“Kowace shekara,” ya ce, “in na sauko daga tudu sai in tarar da uwarki a jiƙe har gwiwa. In ce mata, ‘Mercy, ke dai ba ki iya wanke kwano ba sai kin yi wanka.’ Ta ce, ‘Haka Allah ya yi ni, Lemuel.’”

Ya sa hularsa, ya riƙe hannuna mai sanyi a cikin nasa, muka ci gaba da kallon kifin yana shiga tafki.